KANO DA ZABURA: Yadda Birnin Da Ya Sallami 'Yan Mishan Ya Ba Su Kalmomin Yabon Ubangiji

Kamar yadda muka saba, ga shirin a rubuce saboda waɗanda data ba ta ishe su saurare ba, da kuma masu son karatu a natse.

Yau za mu taɓo batun da ba kasafai ake zama a yi shi cikin sanyin rai ba. In ka wuce ta gefen coci ranar Lahadi a Sabon Garin Kano, ko Wusasa, ko Jos, inda ake ibada da Hausa, za ka ji ana ambaton Allah, Ubangiji, Maɗaukaki, Mai Tsarki, ana karanta Zabura, ana cewa amin. Matashi Musulmi da ya fara jin haka sai ya yi turus, ya ce to su kuma ina suka samo kalmominmu? Matashi Kirista kuwa da ya tashi da su tun yana goye, sai ya ce ai nasa ne, da su kakarsa take addu'a. Kun sha ganin yadda wannan musun yake rikiɗewa ya koma zage-zage a soshiyal midiya.

To tarihi yana da abin cewa a nan, kuma babban ɓangaren amsar yana cikin ganuwar Kano. Amma tun kafin mu yi nisa: ba wa'azi muka zo yi ba, ba kuma muƙabala ba. Tarihin kalmomi za mu bi, da mutanen da suka yi dakonsu.

MENE NE ZABURA A WAJEN KIRISTA?

Musulmi ya san Zabura daga Alƙur'ani, inda aka ambaci cewa Allah Ya ba Annabi Dawuda (AS) ita, a Suratun Nisa'i da Suratul Isra'i. A Littafi Mai Tsarki na Kirista kuwa, Zabura littafi ne guda a cikin Tsohon Alkawari, mai ɗauke da waƙoƙi 150 da aka rubuta da Ibrananci. Yahudawa suna kiransa Tehillim, ma'ana yabe-yabe. Guda 73 daga ciki suna ɗauke da sunan Dawuda a kansu, sauran an jingina su ga wasu irin su Asaf da 'ya'yan Kora, wasu kuma ba suna. An kasa littafin kashi biyar, kowane kashi yana rufewa da yabon Allah. Mafi gajarta ita ce ta 117, aya biyu kacal. Mafi tsawo ta 119, aya 176.

Girman Allah shi ne jigon. Ta 8 tana duban sama da wata da taurari, tana mamakin yadda Mahaliccinsu zai kula da ɗan Adam duk da ƙanƙantarsa. Ta 104 tana bin halittu ɗaya bayan ɗaya, ruwan sama, ciyawar dabbobi, zaki mai neman abinci da dare, manomi mai fita da safe, duk a hannun Mai ciyarwa guda. Biyar ɗin ƙarshe, daga 146 zuwa 150, kowacce tana buɗewa tana rufewa da kalmar nan halleluya. Ita ma ba wata kalmar sirri ba ce, Ibrananci ne: hallelu wato ku yabi, Yah kuma gajeren sunan Allah ne a harshensu.

Wani abin lura shi ne, ba duka waƙoƙin farin ciki ba ne. Da yawansu kuka ne na mai ciwo, ko wanda maƙiya suka kewaye, ko wanda zunubinsa ya dame shi. Sai ya gama kai ƙararsa tukuna, sannan ya juya ya yi yabo. Wannan salon ya bazu har cikin sauran littafin: ƙarshen littafin Ayuba, sura ta 40 ta Ishaya, waƙar Maryamu a farkon Bisharar Luka, har zuwa littafin Wahayi a can ƙarshe.

To ka ga duk wanda ya ce zai juya wannan littafi zuwa Hausa, tambayar farko da za ta tare shi ita ce: da waɗanne kalmomi Bahaushe yake girmama wanda ya fi kowa girma?

KANO TA RIGA TA TANADI AMSA

Ɗaruruwan shekaru kafin wani Bature ya tako ƙasar nan, Kano tana da maƙera biyu da ake ƙera harshen yabo.

Ta farko zauren malam. Tarihin Kano ya nuna zuwan Wangarawa da Musulunci a zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14, sannan Shehu Magili ya sauka a birnin a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Tun daga nan malamai suke karanta Larabci suna fassarawa baki da baki ga almajirai, kalma bayan kalma. A wannan aikin ne Hausa ta samu yadda za ta faɗi siffofin Allah da sunayenSa kyawawa: Maɗaukaki, Mai iko, Mai jinƙai, Mai gafara, Makaɗaici. Wasu kalmomin aka aro su daga Larabci aka yi musu rigar Hausa, irin su albarka, sujada, addu'a, mala'ika, annabi. Wasu kuwa 'yan gida ne aka ɗaga darajarsu. Waƙoƙin ajami na wa'azi da tauhidi, musamman bayan jihadin 1804, suka ƙara kai su kunnen mata da manoma da fatake, tunda al'adarsu ce su buɗe da yabon Ubangiji su rufe da shi.

Ta biyu fada. A ƙofar gidan Rumfa akwai maroƙa da sanƙira da masu kakaki da algaita da tambari, aikinsu kenan su kambama sarki. Kirari ba ya bayani, suna yake jerawa: a kira sarki giwa, a kira shi zaki, a kira shi bango abin jingina. Kunnen Bakano ya saba da wannan salon tun yana yaro.

Yanzu ku dubi Zabura. Ita ma haka take jera wa Allah sunaye: sarki, makiyayi, dutse, kagara, garkuwa. Ta 24 tana yi wa ƙofofin birni magana su buɗe don Sarkin ɗaukaka zai shigo. Ta 127 tana nuna cewa tsaron mai gadi banza ne in ba Allah ne Ya tsare birnin ba. Mutumin Landan na zamanin jirgin ƙasa sai an yi masa dogon sharhi kafin ya ji daɗin waɗannan hotuna. Wanda yake kwana a bayan ganuwar da aka soma tun zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya san Sarkin Ƙofa yana rufe Ƙofar Mata ko Ƙofar Na'isa in dare ya yi, shi kam ba ya bukatar sharhi. Rayuwarsa ce ake faɗa.

BAJAMUSHEN DA BAI TAƁA GANIN ƘASAR HAUSA BA

Mutum na farko da ya ɗauki aikin fassarar da gaske shi ne James Frederick Schön, Bajamushe mai aiki da ƙungiyar mishan ta CMS ta Ingila. Yana cikin ayarin da ya hau kogin Kwara a 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther. Hausarsa ta farko a bakin bayin da aka 'yanta a Saliyo ya tsince ta, kuma har ya mutu bai taka Kano ko Katsina ba.

Sa'arsa ta zo ne ta hannun wani Bajamushen, Heinrich Barth, wanda mutanen nan suka sani da Abdulkarim. Barth ya shigo Kano a watan Fabrairun 1851, ya zaga kasuwa da unguwanni, ya ƙiyasta mazauna birnin da kimanin 30,000. Da zai koma gida a 1855 sai ya tafi da samari biyu da aka 'yanta daga bauta, Abbega da Dorugu. Shi Dorugu Bahaushe ne daga yankin Damagaram, an kama shi yana yaro. A Ingila ya zauna a hannun Schön, yana ba shi labarai da tatsuniyoyi da tarihin rayuwarsa, shi kuma yana rubutawa. Da wannan Hausar ta bakin yaro aka buga Bisharar Matta a 1857, littafin Farawa a 1858, har aka kai ga cikakken Sabon Alkawari a 1880.

Allah Sarki, shi Dorugun nan daga baya ya dawo gida, kuma a ƙarshen rayuwarsa a Nasarawar Kano ya zauna, yana aiki a makarantar Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer. A nan ya rasu a 1912.

LIKITAN DA YA FASSARA ZABURA

Ita Zabura kanta, wanda ya fara juya ta zuwa Hausa ba fasto ba ne, likitan sojan ruwa ne ɗan Sikotlan, William Balfour Baikie. Shi ne ya jagoranci jirgin da ya shiga Binuwai a 1854, inda ya riƙa ba mutanensa kwinin, aka je aka dawo zazzaɓi bai kashe ko mutum ɗaya ba. A 1857 jirginsa ya fashe a kan duwatsu kusa da Jebba. Maimakon ya koma gida sai ya yi zamansa, daga baya ya kafa mazauni a Lakwaja, inda fataken Hausa suke zuwa ciniki. A bakinsu ya ƙware da harshen.

A 1862 Baikie ya hau doki ya biyo ta Bida da Zariya har Kano, a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, yana neman takardun wani Baturen da ya mutu a tafiya. Ya rasu a Saliyo a 1864 a hanyarsa ta komawa gida. Sai a 1881 aka buga fassararsa ta Zabura a Landan, shekara 17 bayan mutuwarsa.

Amma fa waɗannan littattafai na farko kusan ba su da masu karatu a ƙasar Hausa. Da boko aka buga su, alhali masu ilimin Kano ajami da Larabci suka sani. Hausar ma a takure take, ana jin ƙamshin baƙunta a jikinta. Abin da suka yi dai shi ne share fage, kuma tun a lokacin sun yanke hukunci mafi girma: sunan Mahalicci a littafin zai zama Allah.

MALAM IBRAHIM DA ISAWA

Shekaru kaɗan bayan wucewar Baikie, wani abu ya faru a cikin birni wanda ba hannun Bature a ciki. Riwayar da zuriyar Isawa suka adana, wadda masanin tarihi Ian Linden ya yi nazari a kanta, ta ce akwai wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda ya duƙufa kan ayoyin Alƙur'ani da suke maganar Annabi Isa (AS), har ya riƙa ba shi matsayin da sauran malaman birni suka ga ya wuce iyaka. Ya tara mabiya, aka riƙa kiransu Isawa. Aka nemi ya janye, ya ƙi. Wajajen 1867 aka tsire shi a kasuwar Kurmi.

A lura, mutanen nan ba su da coci, kuma ba su kira kansu Kirista ba. Daga cikin zauren karatu suka fito. Bayan kashe malaminsu suka watse, wasu suka nufi duwatsun Ningi, wasu ƙauyukan da ke tsakanin Kano da Zazzau da Bauci. Ku riƙe sunansu, za mu sake haɗuwa da jikokinsu.

ZUWAN ROBINSON DA RANAR DA SARKI ALU YA CE A'A

A Disambar 1894 wani limamin cocin Ingila, Charles Henry Robinson, ya iso Kano, daidai lokacin da ƙurar basasar Tukurawa da Yusufawa take lafawa. Wansa John Alfred Robinson ya riga ya mutu a Lakwaja a 1891 yana tsakiyar aikin fassara. Charles ya yi kimanin wata uku a birni yana tattara kalmomi da rubuce-rubucen ajami. Da ya koma ya buga wasu waƙoƙin malaman Hausa a 1896, sannan ya fitar da ƙamus, ya kuma koyar da Hausa a jami'ar Kambirij. Kun ga abin da ya faru kenan: waƙoƙin wa'azin Musulunci suka zama littafin koyon Hausa na masu shirin zuwa wa'azin Kirista.

Sai babbar ranar. A watan Afrilun 1900 ayarin mutum biyar ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell ya iso Kano daga Ikko, bayan tafiyar watanni. A cikinsu akwai wani matashin likita, Walter Miller, wanda ya koyi Hausa a Tarabulus ta ƙasar Libiya a wajen fatake da alhazai. Suka je gaban Sarkin Kano Aliyu Babba, wato Alu, suka nemi a ba su wurin zama su yi magani su buɗe makaranta.

Sarki ya ƙi. Bisa abin da su kansu suka rubuta, ya yi fushi da shigowarsu ba izini, ya nuna musu cewa abin da Kano take bukata na addini tana da shi a Alƙur'ani, ya ba su kwanaki ƙalilan su fice. In ka dubi lokacin ba za ka yi mamaki ba. A ranar 1 ga Janairun wannan shekarar Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja yana cewa Arewa ta shiga hannunsu, sojojinsa kuma suna matsowa. A idon fada, Bature mai littafi da Bature mai bindiga tafiyarsu ɗaya. Ayarin ya koma Girku a ƙasar Zazzau, ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya mutu a can.

A watan Fabrairun 1903 Turawa suka ci Kano da yaƙi. Mai karatu zai zaci shi kenan ƙofa ta buɗe wa mishan. Ina! Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba zai taɓa addininsu ba, gwamnatin mulkin mallaka kuma ta fi son zaman lafiya da haraji. Don haka da jirgin ƙasa ya iso a 1911 aka kuma kafa Sabon Gari wajajen 1913, coci-coci a can suka tsaya, bayan ganuwa. Shi kuwa Sarki Alu a Lakwaja ya ƙare rayuwarsa a tsare, garin da Baikie ya zauna yana fassara Zabura.

LITTAFIN 1932

Miller bai haƙura ba. A 1905 ya samu zama a cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da makaranta, ya kuma duƙufa kan fassara tare da Hausawan da ke tare da shi. A 1913 jikokin Isawa suka neme shi. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, amma cikin 'yan shekaru ciwon barci ya yi musu mummunar ɓarna, waɗanda suka tsira suka dawo Zariya. A 1929 mishan ɗin ya koma Wusasa, inda aka gina cocin St Bartholomew da ginin ƙasa irin na Hausa. Daga zuriyar Isawan nan aka samu Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. Daga Wusasa kuma John Tafida ya fito, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, littafin da yawancinmu muka karanta a makaranta.

A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, Miller ne jagoran aikin, tare da wasu 'yan mishan da mataimaka Hausawa. Wani abokin aikinsu na farko, George Percy Bargery, shi ne ya fitar da babban ƙamusun Hausa a 1934, ya kuma dawo Kano da tsufansa a shekarun 1950 don gyaran fassarar. Sabuwar fassara ta fito a 1979. Karin harshen da aka ɗora duk wannan a kai shi ne wanda ya zama daidaitacciyar Hausa, wadda ginshiƙinta Kananci ne.

To bari mu buɗe jakar kalmomin mu gani.

Allah. Da Crowther da abokan aikinsa suka fassara littafin zuwa Yarbanci, Olorun suka ɗauka. A Hausa ba a samu wata kalma da ta kai Allah ba, don ko Bamaguje da ita yake kiran Mahalicci. Kuma ba a kan Hausa aka fara ba: Larabawa Kirista na Masar da Lebanon da Siriya da ita suke ibada tun da daɗewa, ita ce kuma a Littafinsu na Larabci. Kalmar 'yar uwa ce ga Elohim ta Ibrananci da Alaha ta Aramiyanci.

Ubangiji. Wannan kam Bahaushiya ce tsantsa: uba da giji, tsohuwar siffar gida, irin wadda ta rage a cikin uwargijiya. Asalinta maigida, mai mallakar bawa. Malamai suka ɗaga ta suka fassara Rabbu da ita, masu fassarar Zabura suka same ta a shirye. Daga nan aka samu Ubangiji Mai Runduna, suna mai ƙamshin fagen daga da hawan sarki.

Ɗaukaka. Nan akwai abin sha'awa. Kalmar Ibrananci da ake fassarawa haka ita ce kabod, tushenta nauyi. Su a wajensu mai girma shi ne mai nauyi. Bahaushe kuwa sai ya duba sama: ɗauka, ɗaukaka, Maɗaukaki. Amma ku lura, mu ma in muna girmama mutum cewa muke muna jin nauyinsa. Ashe hoton nasu ma yana nan a bakinmu.

Tsarki. A Ibrananci kadosh yana nufin keɓaɓɓe, wanda ba shi da tamka. Tsarki a Hausa kuwa kalmar babin ɗahara ce, rabuwa da najasa, wadda malamai suka faɗaɗa har ta ɗauki ma'anar tasbihi. Da ita aka raɗa wa littafin gaba ɗaya suna.

Garaya da molo. Zabura ta 150 tana lissafa kayan kiɗan da za a yabi Allah da su. Masu fassara ba su kawo sunayen kayan kiɗan Turai ba, na gida suka ɗauko. Garaya kuwa kun san a ƙasar Hausa ta maharba ce da 'yan bori. Ita aka miƙa wa Dawuda a hannu, don ita ce mai tsirkiya da mutane suka sani.

Inda Hausa ba ta da kalma, an yi aro a fili: firist, baftisma, ikilisiya. Amma a babin girman Allah da yabonSa, in ka cire irin su halleluya da hosanna, kusan ba abin da aka shigo da shi daga waje. Rumbun a cike aka same shi.

INDA HANYA TA RABU

Kada wani ya ji wannan ya ce to ashe duk abu ɗaya ne. A'a. Kalmomi sun haɗu, aƙida ta rabu, kuma kowane ɓangare ya san haka. Kirista yana kiran Allah Uba, yana imani da Triniti, yana kiran Yesu Almasihu Ɗan Allah. Musulmi ba ya karɓar ko ɗaya daga ciki, a wajensa Isa (AS) Annabi ne kuma bawan Allah, tauhidi kuma bai bar wannan ƙofar a buɗe ba. Musulmi ya yi imani an saukar wa Dawuda Zabura, amma malamai ba su ɗauki littafin da ke hannun mutane yau a matsayin wanda ya tsira daga canji ba. Kirista kuwa Maganar Allah ce a wajensa. Wannan saɓani na gaske ne, ba a share shi da daɗin baki.

A wasu ƙasashen har kotu aka je kan kalma. A Malesiya, kotun ɗaukaka ƙara ta hana wata jaridar Katolika amfani da kalmar Allah a 2013, sannan a 2021 wata babbar kotu ta yanke a wata shari'ar daban cewa Kirista suna da ikon amfani da ita. Mu a nan Kano mun ga abin da ya fi shari'a muni, a rikicin 1982 da na Oktoban 1991 lokacin zuwan mai wa'azin nan Reinhard Bonnke, inda aka yi asarar rayuka da dukiya. Waɗanda suka ga wannan da idonsu ba sa wasa da irin wannan zance.

Yau Hausa ce harshen ibada na ɗimbin Kirista a Filato, kudancin Kaduna, Gombe, Adamawa, Taraba da kudancin Borno, har da Maraɗi da Galmi a Nijar. Da yawansu ma ba Hausawa ba ne, kowa da harshen uwarsa, amma in an haɗu Hausa ce take haɗa su. Ku dubi sunayen ikilisiyoyin kansu: Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, Haɗaɗɗiyar Ekklesiyar Kristi a Nijeriya. In zumuntar mata suka ɗauki tulu da caki suna waƙa, kalmomin da ke bakinsu sun biyo ta zauren malaman Madabo, ta ƙofar fada, ta bakin wani yaro bawa a Ingila, ta alƙalamin likita a Lakwaja, kafin su iso gare su.

Don haka in musun nan ya sake tashi a kafar sada zumunta, ga abin da tarihi ya ba mu. Wanda ya ce malaman Musulunci ne suka sassaƙa waɗannan kalmomi, ya faɗi gaskiya. Wanda ya ce shi ma gadonsa ne, tun kakanni da su ake yi masa addu'a, shi ma bai yi ƙarya ba. Sarki Alu ya iya hana baƙi masauki a cikin birni, kuma ya hana. Harshe kuwa ba shi da Sarkin Ƙofa, tare da fatake yake fita.

Nan za mu dakata a yau. Ku ajiye mana ra'ayoyinku a ƙasa, amma don Allah cikin ladabi, duk wanda ya zagi addinin wani za mu goge. In akwai dattijo a gidanku da ya san labarin Isawa ko tsohon Sabon Gari, ku zauna da shi ku ji daga bakinsa tun yana raye. Ku tura wa abokai su ma su karanta.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah Ya kai mu. Mu kwana lafiya.